Ruwan Rogo a Tankin Fijo

Sanyin Jos bai bar kowa ya buɗe shago ba
na turo Fijo tun daga Unguwar Rogo,
tana tari, ina haki,
ɗan autana na riƙe da sitiyari.
Shekara arba'in tana jigilar dankali daga Bokkos,
ta ɗauki babana, ta ɗauke ni,
yau da asuba ta ƙi tashi, tsohuwata.

A Farin Gada na ce, "Dachung,
fito daga ƙarƙashin tifar nan ka ji.
Jiya a tasha an yi musu har da rantsuwa,
wai akwai man da ake sirkawa da ruwan rogo,
wani na rake, wani na masara,
wai itanol sunansa,
ɗan'uwan abin nan da ake sha a bayan gari.
Wai biyar cikin ɗari, wai goma,
wai a wata ƙasa har tamanin da biyar.
Ni da ban taɓa kurɓa ba,
sai da furfura zan shayar da mota?"

Ya yi dariya har sifana ta kuɓuce masa.
"Cindo, Fijo ba ta da alwalar da za ta karye.
Miƙo kwalbar can da ke kusa da buta."

Ya zuba ruwa tsawon yatsa biyu,
ya ja layi da baƙin mai,
ya zuƙo fetur daga tankina ya cika,
ya girgiza, ya ajiye a kan tsohuwar taya.
"In yana ciki, zai bar fetur ya bi ruwa
kamar baƙon da ya hango ɗan garinsu a kasuwa.
Ruwan zai haura layi."
Muka tsuguna, manya biyu da yaro,
muka zura wa kwalba ido kamar masu neman wata.

Ruwa bai motsa ba.

"Manka zalla ne. Filogi ne ya mutu,
batir kuma sanyi ya sa shi ya kwanta.

Amma tunda ka tambaya, saurara.
Motocin yanzu, irin ta Kachollom mai asibiti,
goma cikin ɗari ba ya tayar musu da ciki.
A duba murfin tanki, a duba littafin mota,
maƙerinta ya faɗi abin da take iya haɗiya.
Mai tamanin da biyar kuwa
sai wadda aka ƙera dominsa tun daga tushe.
Taka mai kafireta ce, hanjinta tsohuwar roba.
Zai lasa, ya lasa, tiyo ya tsage,
ya jawo raɓa, ka san daminar garin nan,
tsatsa ta yi gida a gindin tanki.
Lita kuma ba za ta kai ka inda ta saba ba.
In ranar ta zo, kawo ta in sauya mata hanji,
kada ka bar mai ya yi wata uku a ciki yana huta."

Na biya kuɗin filogi huɗu, ya rage mini na shayi.

A hanya na tuna rogon innata,
dafaffe, da garin ƙuli da ɗan yaji,
shi ya tsallakar da mu shekarar da masara ta ƙi.
Na dubi yaro, na dubi allurar mai.
In injin ya koyi cin abin da muke ci,
waye zai riga kai hannu kwano,
ɗana ko motata?

Fijo ba ta ce komai ba.
Ta haura tudun Gada Biyu da giya ta biyu,
tana fitar da hayaƙin da na sani tun ƙuruciyata.