Ɓawon Rumman

Shekara goma sha tara Dursun yana jan tifa
daga masana'antar matse rumman a gefen Finike
zuwa wani kwazazzabo bayan gonakin lemo.
Kayansa abin da ya rage ne bayan an tatse:
ɓawo, da ƙwallaye, da farin bargon nan mai ɗaci.
Tan shida da hantsi, huɗu bayan la'asar.
Ya juye, ƙudaje su yi masa sannu da zuwa, ya koma.

Rurin injin ya cinye masa kunnen hagu,
na dama ma saura ƙiris.
Ko salla, agogo ke kira masa.

Yau 'yarsa Yadigar ta tare shi a bakin ƙofa
da farar riga, da buhu a hannu.
Ta ɗiba, ta busar, ta niƙa,
ta auna a ma'aunin da ko numfashi kan girgiza shi,
ta zuba a kwalba da ruwa,
ta tsoma wani ƙarfe siriri kamar yatsa,
ta toshe kunnuwanta, ta danna.

Ba murhu, ba tafasa.
Ƙanƙara ma aka jera wa kwalbar don kada ta yi zafi.
Sai ruwan ya kama makyarkyata.
Karen maigadi ya miƙe, ya kwantar da kunnuwa,
ya bar inuwar da ya shekara yana kwana.

"Me ya taɓa shi?"

Ta matso ta ɓangaren dama.
"Sauti ne, Baba. Ya yi tsini har ya wuce kunnen mutum.
Jemage na ji, kare na ji.
Ɗan'uwansa likita ya aika cikin Mama
ya dawo muku da hotona, ina dunƙule kamar ƙwayar wake.
Wannan shi ba hoto yake ɗauka ba, ƙwanƙwasawa yake.
Yana ja, yana turawa,
sau dubu ashirin kafin ka ƙifta ido ka buɗe.
Kumfa ƙanana su haihu, su kumbura, su rushe,
kowace ta doki bangon ɗakunan da ke cikin ɓawo,
har abin da ya kulle kansa ciki ya fito."

Ruwan ya rine, ya koma shayin da aka manta a kan wuta.

"To, me ya fito?"

"Ka san fentin da kake shafa wa gindin tifa
don kada iskar teku ta sa mata tsatsa?
Rumman ma tana da nata.
Shi ke hana mai saurin ɓaci a kwalba,
kuma jiki ma yana da irin tasa tsatsar."

Dursun ya yi shiru, yana lissafi da yatsu.
Tan goma sau kakar rumman goma sha tara.
Yatsun suka ƙare, ya sa hannu a aljihu.

"Kakarki Ferhunde kan shanya shi a kan rufi,
ta dafa mana in ciki ya murɗa.
Ba ta da ƙarfe."

"Ta sani, Baba. Ni adadin nake nema."

Ya ɗora tafin hannu a kan tebur.
Wani abu na tafiya a cikin katakon,
kamar tururuwa, kamar sanyin farkon zazzaɓi.
Ya dube ta: "Ke kina jin sa?"
"Cuwar kumfa kawai. Shi kansa babu mai ji.
Ko shugaban masana'anta bai fi ka kunne a nan ba."

Ya yi dariyar da bai ji ƙarshenta ba.

Buhu ɗaya ta ɗiba. Sauran na waje, rana na dukansa.
Ya hau, ya tada inji, ya kama hanyar kwazazzabo.
A kwanar da ya saba zubar da kaɗan,
yau sai ya sauke giya.