Kalmar da ke Cikin Yamai

Shekara goma sha tara ban hau motar Yamai ba.
Ba kuɗin mota na rasa ba.
Sunan garin ne: cire harafin farko,
ka ji abin da ya rage.

Ina ɗan lakwal a Tawa, aji uku,
fura ta kwana, rana ta take,
cikina ya juye a gaban allo,
a kan takalmin mushe Ɗanjimo.
Yara arba'in suka kwashe da dariya.
Su sun manta kafin a tashi.
Ni na ɗauki ranar na goya ta,
ta girma a bayana har ta fi ni nauyi.

Na bar dambun kasuwa, na bar kopto,
na bar cin biki, na bar dubiya.
Citta a aljihu, lemun tsami ƙarƙashin matashi.
Kowane tuwo sai na sansana shi kamar mai neman guba,
har Sahiya ta ce, "Girkina ne ba ka so?"
Daren da ɗiyarmu Tsahara ta yi zazzaɓi,
na ji ta yunƙura, na ji kwano ya amsa,
sai ga ni a bakin titi ba takalmi,
uban ɗiya, na toshe kunne.

An ce iska ce. An ce sammu.

Likitar ɗakin ƙarshe a asibiti
ba ta ko taɓa cikina ba.
Ta ce, "Cikinka lafiya lau. Mai gadinka ne
ke ihun ɓarawo in kaza ta gifta.
Duk gudun da ka yi, albashi ka ƙara masa."

Ta miƙo alli: rubuta kalmar.
Hannuna na rawa. Harufa huɗu.
Rufin ɗaki bai faɗo ba.
Mako na gaba, faɗe ta da ƙarfi.
Na gabansa, saurari ƙarar a waya, kada ka tashi,
zauna da tashin zuciyar kamar baƙo marar hira,
zai gaji ya yi sallama.
Wata rana na tsere. Ta ce, "Dawo Talata."
Na dawo. Na bar cittar a kan teburinta,
na ci dambu a tasha, da yaji, da hannuna.

Ban ce na warke ba.
Amma da damina, da zazzaɓin ya sake kama Tsahara,
ni na riƙe kwanon,
ɗaya hannun a goshinta.
Ƙirjina na dakan gero, ƙafata ba ta gusa ba.
Ta ɗago ta ce, "Baba, ruwa."

Gobe da asuba motar ke tashi.
Na nemi kujerar taga.
Mai yanka tikiti ya ce, "Ina zuwa?"
Na buɗe baki na faɗa masa sunan duka,
har da harufan ƙarshe.