Matakala Ɗari Uku da Goma Sha Biyu

Daga bakin titi zuwa ƙofarmu
matakala ɗari uku ne da goma sha biyu.
Na san su kamar yunwar cikina.
Na hau su da jarkar ruwa, na hau su da cikin Nélida,
na hau su ranar da aka binne ubanta,
amma ban taɓa hawansu a sannu
kamar ranar Larabar nan ba.

Kwali ne goye a bayana,
ɗaure da mayafin da na zo da shi daga Ayacucho.
Maƙwabciya ta leƙo ta taga:
Teófila, haihuwa aka yi?
Na ce, kusan haka.

Don Baldomero ne ya ba mu,
tsohon nan mai tabarau ɗaure da zare
da ke bayan coci, a ɗakin ajiye kujeru.
Yana karɓar kwamfutocin da bankunan Lima suka gaji da su,
ya farke cikinsu kamar mai gyaran kifi,
ya ciro hanjin wannan ya dasa wa waccan,
sai matattu uku su haifi rayayya ɗaya.

Da fari kunya ta hana ni ba da suna.
'Yar cikina ce ta tuna mini
da rashin tayi akan bar arha.
Wata bakwai muna kan takardarsa,
mu ne na tamanin da shida.
Da na tambayi kuɗi, hannuna na rawa cikin aljihu,
bai ko ɗago kai ba.
Ya ce, ran Asabar ki kawo dafaffiyar masara biyu,
kar ki manta da cuku.

Kafin nan, a wayata yarinyar ke aikin makaranta,
waya mai gilashi a tsattsage.
Sai na tashi daga tashar mota ƙarfe tara,
ta karɓe ta da sauran ɗumin jikina,
ta ƙanƙance ido, tana rubutu da babban yatsa.
In kati ya ƙare, karatu ya ƙare.
Sau biyu malama na rubuto mini: ba ta yi aiki ba.
Na so in ce mata, hawo ki gani.

Soket ɗaya gare mu.
Muka cire rediyo.
Abar ta yi tari, ta yi gurnani kamar tsohuwar kyanwa,
sannan ta buɗe ido,
haskenta ya faɗi a kan bangon katako,
a kan tukwane, a kan fuskar Nélida
wadda ta kasa cewa komai, ita da bakinta ba ya hutawa.

Harafi ɗaya ya goge.
Wani ma'aikacin banki ya cinye shi da ɗan yatsa
shekara da shekaru yana ƙirga kuɗin da ba nasa ba.
Nélida ta ari jan farce a gidan Doña Primitiva
ta zana shi da kanta, a karkace:
A.

Yanzu yaran layinmu huɗu ke zuwa,
suna jiran layi a bakin gado,
suna cinye mini ribar masara.
Da dare nakan rufe ta da zanen tebur
saboda damshin da ke tasowa daga teku.

Jiya ban rufe ta da wuri ba.
Kowa ya yi barci, karnuka ma sun gaji.
Ni da na tsaya a aji biyu
na ja kujera, na goge hannu a siket,
na shiga farautar haruffa da yatsa ɗaya.
T ta ba ni wuya. F ta ɓuya.
Na yi ta nema har ƙafata ta yi sanyi.

Na ƙarshen ban neme shi ba.
Yana can gefen hagu, ja, a karkace,
da hannun 'yata,
yana jirana in cika sunana.