Ruwa Har Gwiwa

Tun la'asar sama ke zuba a Semarang,
teku ma ta shigo ta ƙofar baya
kamar maƙwabciyar da ba ta sallama.
Ɗanmu ya bugo waya daga Jakarta:
"Ku zauna a gida, na gani a labarai."
Na ce to.
Ina ajiye wayar na ɗauko 'yan kunnena.

Ngadiran na gaban madubi
yana kokawa da rigar batik ta ranar aurenmu.
Maɓalli biyu sun ƙi shiga.
Ya ce wanki ne ya tsuke ta.
Shekara talatin da ɗaya ke nan yau,
ban taɓa ƙaryata shi a kan wannan ba.

Takalma a leda, leda a ka,
na tattare zane, muka tsunduma cikin lungu.
Ruwan launin shayi mai madara,
yana tafe da ɓawon kwakwa, da silifa wari guda,
da wata 'yar tsana mai kallon sama.
Shi ke gaba, yana laluben kwata da sanda,
ni ina riƙe da gefen rigarsa.
"Nan rami ne, Sutarmi. Taka inda na taka."
Abin da ya ce ke nan shekarar da masaƙa ta rufe,
da ranar da muka dawo daga binne 'yarmu ta fari.

A titin Kaligawe babura sun mutu jere,
samari na turawa suna tsine wa hukuma.
Mai keken haya ya ce ko ninki uku ba ya zuwa.
Sai ga motar yashi ta ci burki,
direban ya leƙo: "Baba, asibiti za ku?"
Ngadiran ya gyara wuyan riga:
"Cin abinci za mu."
Yaron ya yi dariya har da dukan sitiyari,
ya sauko ya cicciɓe ni kamar buhun shinkafa.
Ko ranar biki ban hau abin da ya kai wannan tsayi ba.

Rumfar Bu Parinem na nan a bayan kasuwa,
tebur huɗu, ƙafafunsu duk a ruwa.
Tsohuwar ta rasu bara.
Jikarta ce tsaye a kan bulo tana fifita gawayi,
ba kowa sai mu.
Muka naɗe ƙafa a benci kamar yara,
aka kawo soto kwano biyu, romo na tururi.
Ya kwashe soyayyar albasarsa ya zuba mini,
na tsamo hantar kaza na miƙa masa,
ba wanda ya ce uffan.
Tsohon ciniki ne.

Wuta ta ɗauke.
Yarinyar ta manna kyandir a gindin kofi,
sai ga wuta biyu, ɗaya a tebur, ɗaya a ruwa,
wani ɗan kifi ya zo ya ratsa ta ƙasan.

A nan ya laluba aljihu ya zaro takarda.
Kwana uku ina ganinsa yana ɓoyon biro,
shi da ko katin salla bai taɓa rubuta mini ba.
Ya warware ta a hankali,
ta jiƙe sharkaf, tawada ta malale.
Ya kai ta kusa da kyandir, ya nesanta ta,
ya goge tabarau da rigar da ta fi shi jiƙewa.
"Sutarmi," ya karanta.
Ya yi shiru.
"Sauran ruwa ya cinye."
Na ce sha romonka kafin ya huce.

Gobe akwai laka har ƙarƙashin gado,
akwai katifar da za mu ɗaga mu biyu, muna nishi,
akwai ɗa da zai yi mana faɗa.
Takardar kuwa tana kan murfin buta tana bushewa.
Sunana ne a sama,
ƙarƙashinsa shuɗi, shuɗi, har ƙarshen shafi.
Na karanta ta sau biyu kafin in kwanta.