Gayyar Gadar Ƙarfe

Jirgin ƙasa bai taɓa zowa garinmu ba.
Ƙarfen dogonai dai ya zo,
guda shida, bisa tsohuwar mota daga Ƙaura,
anka gicciya su bakin rafi
tun ubana na da haƙora duka.

Nan jakai sunka bi da mangalar farar ƙasa
daga ramukkan haƙo zuwa hanyar Sakkwato.
Muna yara mukan kafa kunne ga ƙarfen,
wai ko mu ji jirgi tafe.
Kofato kaɗai muka ji.

Damina uku ruwa na cin katako,
tsatsa na cin ƙusa.
Munka kai takarda ofis,
takarda ta samu inuwa ta kwanta.
Sai ran da Inno Kulu ta zagaya ta Gidan Bube
da jikanta bisa baya, jikinai kamar garwashi.
Tafiyar rabin sa'a ta zama yini.

Asabar, ba mai shela, ba mai biya.
Arzika mai walda ya aro janareta,
Nomau ya zo da giginya biyu da ya aje don ɗakin amarya,
ya ce amarya ta jira.
Modi, da ƙura ta cinye huhunai cikin rami,
bai iya ɗaukar komi,
sai ya zauna yana miƙe lanƙwasassun ƙusoshi bisa dutse,
yana tari, yana gyara muna kuskure.
Mata sunka aiko fura, ba ta isa ba,
anka ƙara mata ruwa, ta isa.

Ni anka ba burushin waya.
Ina kankare ƙarfe na huɗu
sai ga zane ƙarƙashin tsatsa:
jaki mai kunne guda, an yi shi da ƙusa.
Na san hannun.
Haka yake zana shi bisa ƙasa in na yi kuka.
Ban gaya ma kowa ba.
Da anka miƙo fenti, na tsallake wurin.

La'asar sakaliya munka buga katakon ƙarshe.
Ana gardamar wa za ya fara hawa,
mai gari ko liman,
sai wata jar akuya, ba ta tambayi kowa ba,
ta taka, ƙwas, ƙwas, ƙwas,
ta tsaya tsakiya ta yi kashi,
ta ƙetare.

Modi ya yi dariya har tari ya kama shi.