Waken Nomau Ya Riga Ni Tafiya

Shekara sha tara ina riƙe da makullin ɗakin iri,
can ƙarshen baranda, bayan tsangayar noma,
inda firji ke nishi in wuta ta dawo.
Ni ke aunawa, ni ke ƙirgawa, ni ke manna lamba.

Waken Nomau na Jiratawa ya riga ni tafiya.
Ƙwaya ɗari biyu cikin ambulan mai hatimi uku.
Ba wanda ya tambaye shi nawa gare shi a banki,
ba wanda ya ce ya rantse zai dawo.
Da hannuna na kai shi tasha,
na roƙi yaron mota kada ya danne shi da buhun albasa.

Da damina ta sauka sai ga baƙuwa daga can,
Marika, ɗaliba, rana ta saɓule mata hanci.
Wata huɗu tana bayana a kan babur,
daga Maradi zuwa bakin Gulbi, mu dawo da laka.
Ta iya "sannu da aiki" tun ba ta iya ƙirga dala ba.
Ranar nan Nomau ya murza ƙasa a tafi, ya sansana,
ya ce, "Kada ku shuka nan, tsohuwar hanyar ruwa ce."
Ta rubuta.
Na'urarta ta faɗi haka bayan kwana tara.

Takardar binciken ta fito da sunaye shida.
Na bi su da yatsa har ƙasa.
Nawa na cikin godiya, an cinye masa harafi ɗaya.
Nomau kuwa ya zama manomi na goma sha ɗaya.
Da na gaya masa sai da ya ajiye hauya don dariya:
"Su wane ne goman da suka riga ni?"

Ni ma an taɓa kira na, horo na wata uku.
Na sayar da jar akuya biyu, na sayi rigar sanyi,
na kwana cikin mota zuwa Yamai,
na bi layi tun kafin ladan ya yi gyaran murya.
Fasfo ya dawo mini fes, kamar yadda ya shiga.
Rigar tana nan.
Maiɗakina na lulluɓe kwaɓin fanke da ita,
ta ce yana saurin tashi.

Gobe Tsahara za ta tafi,
yarinyar da na koya wa riƙon hantsaki,
wadda ta yi kuka ranar da ƙwari suka cinye mata gwaji.
Uwarta ta cusa yaji da kuka da busasshen zogale,
mun auna jakar a ma'aunina, ta zarce da kilo huɗu.
Aka fidda ƙuli-ƙuli, aka maida, aka fidda takalmi.

Tsahara, ba ni da guzurin ba ki sai saƙo.
In kin isa, ki nemi ɗakin sanyinsu,
ki tambayi lamba ɗari da sha huɗu.
Ɗan garinku ne, ki gaishe shi,
ki duba ko sanyi bai kashe masa ido ba.
Ki koyi duk abin da suka iya, kada ki ji kunyar tambaya.
In sun tambaye ki, kada ki yi ƙasa da murya,
abin da kika sani ba a jirgi kika tsince shi ba.
Ranar da za ki jera sunaye,
ki tuna Nomau da wasali uku ake rubuta shi.

Sai abu ɗaya.
Madubin da suka aiko mana, mun gode,
amma ƙwansa ya ƙone tun bara,
an duba har Kano, babu irinsa.
Ki sako mini biyu cikin safa.

Magariba ta yi. An ɗauke wuta.
Na dafa firji, da sauran sanyi a jikinsa.
Zai kai safe.