Sifika Biyu a Kasuwar Gujungu

Tun ran da Namadi ya bar yaron mota
ya sayi babur ya shiga kabu-kabu,
kujerar gefena ta yi gum.
Daga ni sai kanta, sai buhun riɗi hamsin,
sai dare mai tsawo, Gujungu zuwa Dawanau.

Rediyon lafiyarsa lau, sifikar ce ta tsufa.
In mai labarai ya buɗe baki
sai ka ce gyaɗa ake soyawa da yashi.
In na doki ƙofa da gwiwa ta saitu,
in na faɗa rami ta koma gidan jiya.
Makon da ya wuce, gab da Gezawa,
barci ya sace ni ƙiftawa biyu.
Ko da na farka
tayar gaba tana kiwo a gefen titi.

Ran Lahadi na nufi Sabi'u mai waya,
rumfarsa na bayan 'yan kifi,
inda ƙuda ke amsa sallama kafin mai rumfa.
Dubu tara gare ni.
Sau uku na ƙirga su a aljihu da ɗan yatsa.

Babbar ya fara saukewa, sabuwa fil a kwali,
da fitila shuɗiya kamar idon mage.
"Direba, wannan ko a Ringim ka kunna
sai an ji ka a Taura."
Na ce, me mutanen Taura suka yi mini?
Ya ce ashirin da takwas.
Tari ya sarƙe ni.

Ya ce a sa kiɗa a gwada.
Na ce bari, ga memorina.
Sahura ce a ciki, 'yar aji uku,
tana haddar lissafi a tsakar gida:
bakwai sau shida, bakwai sau bakwai,
bakwai sau takwas, hamsin da huɗu.

Babbar ta maida mini 'yata mai unguwa,
mai unguwar ma da mura,
har kwanon kusoshinsa na rawa a kan benci.
Ya jona wata ƙarama, 'yar dubu huɗu,
sai ga Sahura ta zama sauro a gwangwani.
Na miƙe na kakkaɓe riga.

Ya ce dakata.
Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo biyu
'yan Kwatano, duk ƙura,
an ciro su daga motar da ta riga mu hutawa.
Ɗaya ta yage a gefe,
ya liƙe ta da gam da ƙyallen atamfa.
Ya hure su, ya fere waya da haƙori.

Hamsin da huɗu, in ji Sahura,
da muryarta, da wawulonta.
Can bayanta zakaranmu ya yi cara,
taɓarya ta tsaya,
uwarta daga madafi ta ce, "Da shida, ke!"
Wata biyar ina sauraren abin nan a waya,
ban taɓa sanin Uwale na ciki ba.

Na haɗe fuska kada ya gani, ya tsuga kuɗi.
Ya riga ya gani.
Sha ɗaya. Na ce bakwai. Ya ce albarka.
Na ce wannan fa mai faci ce.
Ya ce motarka fa?
Muka tsaya a takwas da ɗari biyar,
waya tasa, ɗauri nasa.
Canjin na sha shayi, na sai goro ɗaya.

Yanzu ƙarfe biyun dare in na doshi Gezawa
nakan rage gilashi, in ƙara murya kaɗan.
Ta hagun tana ɗan zuza in an hau gargada,
na bar ta, ni ma ina yi.
Bakwai sau takwas, in ji yarinyar,
ni kuma in yi maza in riga uwarta:
da shida, ke.